Yadda za a kauce wa kuskuren na'urar gwajin numfashi a mota

A jihohin Amurka da dama, wanda kotu ta samu da laifin tuƙi cikin maye akan tilasta masa ɗaura wa motarsa wata na'ura da ba ta barin inji ya tashi sai ya hura numfashi a cikinta. Iyakar barasa da ake sa mata ƙanƙanuwa ce, kusan kashi 0.02 cikin 100 a jini, saboda haka ɗan abin da ya maƙale a baki kan sa ta ƙi, ko da mutum bai sha giya ba.

Da farko, ka dakatar da ci da sha da shan taba minti 15 kafin gwaji, sannan ka kurkure bakinka da ruwa zalla. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jefa mutane cikin matsala shi ne ruwan wanke baki na kwalba, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da barasa fiye da kashi 20 cikin 100. Ka nemi wanda babu ita a ciki, haka ma maganin tari na ruwa. Burodi mai yis ma yakan jawo hakan.

Na biyu, kada ka shafa man tsabtace hannu ko ka fesa turare a cikin motar. Idan an riga an yi, ka sauke gilashi iska ta shiga.

Idan duk da haka na'urar ta nuna barasa, kada ka fita ka bar motar. Ka sake kurkure baki, ka jira lokacin da ta ba ka, ka sake hurawa, domin sakamako na biyu mai tsabta shi ne hujjarka a bayanan da ake tura wa hukuma. Ka rubuta rana da lokaci da abin da ka ci, ka sanar da kamfanin da ya ɗaura ta.