Darasi na 7: Jinyar Kai a Gida Bayan Aikin Endometiriyosis

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da take yin kauri kowane wata. Idan ciki bai shiga ba, sai ta zube, ita ce jinin al'ada. A jikin wasu mata, tsoka mai kama da wannan shimfiɗa takan tsiro a inda ba gurbinta ba: a kan gidan ƙwai, ko bayan mahaifa, ko jikin mafitsara da hanji. Duk wata ita ma sai ta kumbura ta yi jini, amma jinin ba shi da ƙofar fita. Daga nan ciwon mara mai tsanani yake tasowa, da zafi lokacin saduwa, wani lokaci har da jinkirin haihuwa.

Sunan ciwon yana da tsawo, mu karanta shi gaɓa-gaɓa: en-do-me-ti-ri-yo-sis. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana taɓa kusan mace 1 cikin 10 na matan da ke shekarun haihuwa, wato mata wajen miliyan 190. Ba ke kaɗai ba ce.

Aikin da ake yi masa kuma sunansa la-fa-ros-ko-fi. Ba a tsaga ciki. Bayan an yi miki allurar barci, likita zai huda ƙananan ƙofofi, yawanci biyu zuwa huɗu, ɗaya a cibiya, kowace faɗinta kamar santimita 1 ko ƙasa da haka. Sai a hura iska a cikin domin a sami fili, a zura siririyar kyamara da kayan aiki, a yanke tsiron ko a ƙone shi.

Abin da darasin nan yake so ki riƙe shi ne wannan: raunin da ido yake gani ƙarami ne, aikin da aka yi a ciki kuwa babba ne. 'Yan filastoci uku a kan fata sukan ruɗi mai jinya, su ruɗi mutanen gida. Fata takan haɗe cikin mako ɗaya ko biyu, amma inda aka kankare a ciki yana ɗaukar makonni.

Ranar farko

Mata da yawa a ranar ake sallamarsu, wasu sai sun kwana. Ko da kin ji garau, maganin barcin bai gama barin jikinki ba sai bayan awa 24. A cikin wannan lokaci kada ki tuƙa mota, kada ki sa hannu a wata muhimmiyar takarda, kuma a sami babban mutum ya kwana tare da ke. Maƙogwaro zai iya yi miki kaushi saboda bututun numfashi da aka sa miki kina barci. Tashin zuciya da jiri ma sukan zo su wuce. Ki fara da kurɓar ruwa, sannan abinci marar nauyi.

Ciwon kafaɗa

Wannan shi ne abin da ya fi ba mata tsoro, don ba su zaci zuwansa ba. An yi aiki a mara, ga kafaɗa tana suka kamar an caka allura, musamman ta dama. Me ya haɗa mara da kafaɗa?

Iskar nan ce da aka hura. Ana fitar da ita idan an gama aiki, amma ba ta fita duka. Ragowar takan hau sama ta taru a ƙarƙashin tantanin da ya raba ciki da ƙirji, wanda da shi muke jan numfashi. Jijiyar da ke kula da wannan tantani daga wuya ta sauko, tushensu ɗaya da jijiyoyin kafaɗa. Idan iska ta dami tantanin, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka kafaɗa ce take kuka. Kafaɗar lafiyarta ƙalau.

Jiki da kansa yake shanye iskar cikin kwana biyu ko uku. Abin da ke rage wahalar shi ne 'yar tafiya a hankali, da ɗora tsumma mai ɗumi a kafaɗar, da sauya kwanciya har ki sami ɓangaren da ya fi miki daɗi. Amma ki bambanta: ciwon kafaɗa daban, ciwon ƙirji tare da sarƙewar numfashi daban. Na biyun na asibiti ne, kuma nan take.

Tashi ki taka

Hutu ba ya nufin kwanciya wuni guda. Wadda ta kwanta ba motsi, jini zai iya daskarewa a jijiyar ƙafarta, kuma gudan zai iya ɓallewa ya tafi huhu. Tun ranar farko ki riƙa tashi kina zagaya ɗaki na 'yan mintuna, sau da yawa a wuni, gobe ki ƙara kaɗan. Idan kina kwance ki riƙa motsa ƙafafu sama da ƙasa. In an ba ki safa mai matse ƙafa ko allurar tsinka jini, ki cika kwanakin da aka ce.

Wajen tashi daga gado akwai dabara. Ki juya ta gefe, ki sauke ƙafafu, sannan ki tura jiki sama da hannu. Za ki yi tari ko atishawa, ki danne cikin da matashin kai.

Magani da bayan gida

Kada ki jira ciwo ya ci ƙarfinki kafin ki sha magani. A kwanakin farko a kan lokaci ake shansa. Farasitamol mai miligiram 500, babba yakan sha biyu a lokaci guda, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kuma kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. Ibufurofen bayan an ci abinci ake shansa, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma ta faɗa wa likita tukuna.

Magunguna masu ƙarfi irin su kodin suna taurara bayan gida, ga shi hanji dama yakan yi sanyi bayan aiki. Yunƙuri a wannan hali azaba ne. Ki sha ruwa sosai, ki ci ganyaye da 'ya'yan itatuwa, kuma ki roƙi maganin tausasa bayan gida tun kafin a sallame ki. Kada kunya ta sa ki riƙe tusa. A nan fitarta albishir ce, alama ce hanji ya farka.

Rauni da jini

Yawanci bayan awa 24 za ki iya watsa ruwa. Kada ki jiƙa raunin a cikin ruwa, kada ki goge shi da soso, ki ɗan dangwala tawul mai tsabta har ya bushe. Na cibiya ya fi son riƙe danshi, shi za ki fi lura da shi. Kada ki shafa masa komai sai abin da asibiti ya ba ki. Wani zaren ɗinkin narkewa yake yi, wani sai an cire, don haka ki tambaya wanne aka sa miki. Tufafi masu sakin ƙugu sun fi, domin ciki yakan kumbura na kwanaki.

Ɗigon jini ta gaba na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. Ki sa audugar mata ta waje, ban da wadda ake turawa ciki. Al'adar farko, har ta biyu, za ta iya zuwa da ciwo da jini fiye da yadda kika saba, saboda ciki bai gama warkewa ba. Mata da yawa a nan suke karaya su ce aikin bai yi ba. Ki ba shi wata biyu ko uku kafin ki yanke hukunci.

Yaushe za a koma aiki?

A karanta wannan hira da babbar murya, mutum biyu.

"Yaya, me kike yi da bokitin nan?"
"Wanki zan ɗan yi. Yau kwana biyar, kin ga wurin har ya bushe."
"Na waje ya bushe. Na cikin fa, kin leƙa kin gani?"
"To ai zaman ne ya ishe ni."
"Ajiye, Yaya. In zama ya ishe ki, zo mu taka zuwa bakin ƙofa mu dawo. Wankin ki bar mini."

Ƙanwar ce ke da gaskiya. Idan dubawa kawai aka yi ko aiki kaɗan, mako ɗaya zuwa biyu kan isa. Idan an cire tsiro da yawa ko ƙullutu a gidan ƙwai, sai mako biyu zuwa huɗu. Idan aikin ya taɓa hanji ko mafitsara, ana iya kai mako shida ko fiye. A wannan tsakani ban da ɗaukar kaya mai nauyi, har da yaron da ya fara tafiya: ki zauna, shi ya hau cinyarki. Gajiya kuwa takan daɗe fiye da ciwo, kuma ba lalaci ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga maigida kuma: saduwa sai jini ya ɗauke, jikinta ya saki, kuma likita ya yarda. Idan an yi ɗinki ta cikin gaba, jiran ya fi tsawo. Ciki zai iya shiga tun kafin al'ada ta dawo daidai, ku yi wannan magana da likita kafin a bar asibiti.

Alamomin da ba a kwana da su

Ciwo na ƙa'ida kullum raguwa yake yi. Wanda yake ƙaruwa kuwa magana yake yi miki. Wani lokaci hanji ko mafitsara kan sami rauni wajen aiki ba a gani ba, sai bayan kwana biyu ko uku alamar ta fito. Ki koma asibiti ko da tsakar dare ne idan zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, ko ciki ya kumbura ya yi tauri ga amai ba tsayawa, ko fitsari ya ƙi fita ko yana ƙuna, ko jini yana jiƙa auduga cikin awa ɗaya. Haka idan rauni ya yi ja yana fitar da mugunya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya sarƙe. Da kin isa ki ce, "An yi mini aikin ciki ranar kaza," kuma ki tafi da takardar sallamarki.

Ranar komawa ganin likita

Aikin yana rage ciwo ga mata da yawa, amma tsiron zai iya dawowa. Saboda haka likita kan ba da maganin da ke rage al'ada ko tsayar da ita, ga wadda ba ta neman ciki yanzu. Abin da aka gaya miki kina cikin mayen allura da wuya ki tuna shi, don haka ranar komawa ce ranar tambaya.

Aikin yi: ki ɗauko littafinki ki ja layi uku. A na farko ki rubuta kwanan wata, a na biyu ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, a na uku maganin da kika sha da lokacinsa. Ki cika shi kowane dare. A shafi na gaba ki kwafi tambayoyin nan da hannunki, ki bar fili a ƙarƙashin kowace domin amsar likita: A ina aka sami tsiron? An cire shi duka, ko akwai saura? Me gwajin tsokar da aka cire ya nuna? Wane magani zan ci gaba da shi, kuma har yaushe?