Yadda Jagoran Wasa Zai Bar Jarumi Ya Mutu Ba Tare da Ya Kashe Wasan Ba

Tun lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a shekarar 1974, mutuwar jarumi ta kasance abin da ya fi haddasa gardama a teburin wasa. Tsarin wasan bai sauya ba: mutum huɗu ko biyar suna zama, kowa da jaruminsa rubuce a takarda, jagoran wasa yana siffanta musu duniyar da suke ciki, dayis kuma yana yanke hukunci a duk inda aka shiga shakka. A dokokin farko, jarumin da makin ransa, wato lambar da take nuna yawan raunin da zai iya ɗauka, ya kai sifili ya mutu ke nan, kuma a dokokin Basic na 1981 matsafi yana iya fara wasa da makin rai ɗaya tak, domin dayis mai fuska 4 ake jefa masa. Wasannin yau sun fi sassauci, amma har yanzu akwai jagororin da suke son duniya mai haɗari, wadda takobi yake yanka a cikinta da gaske. Ina cikin masu wannan ra'ayi, da sharaɗin cewa tsananin ya fito daga duniyar wasan, kada ya fito daga zuciyar jagora.

Aikin yana farawa tun kafin a jefa dayis na farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ka keɓe zama guda wanda ba za a yi wasa a cikinsa ba, ka faɗa wa 'yan wasanka a fili cewa jarumai za su iya mutuwa, cewa ba za ka sauya sakamakon dayis don ceton kowa ba, kuma cewa wasu abokan gāba sun fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba. Ka tambayi kowa ɗaya bayan ɗaya, domin a cikin taro mai kunya yakan gyaɗa kai alhali bai yarda ba. Wanda ya zo da shafi uku na tarihin jaruminsa, da sunan mahaifiyarsa da bashin da ake bin gidansu, yana neman dogon labari ne, kuma ya cancanci ya san tun yanzu cewa labarin yana iya yankewa a zama na biyu. Idan mafi yawansu ba sa son haka, ka sassauta ko ka nemi wasu 'yan wasan. A wannan zaman ne kuma za a amince da matakin ƙarfin da sabon jarumi zai shigo da shi idan tsohon ya mutu, don kada a yi wannan ciniki a lokacin da rai yake ɓace.

Daga nan sai ka san dokokin mutuwa kamar yadda ka san hanyar gidanku, saboda tsananin da bai san doka ba zalunci ne. A bugu na biyar na wasan, wanda ya fito a 2014, jarumin da makin ransa ya kai sifili yana suma, sannan a kowane zagaye ya jefa dayis mai fuska 20: 10 ko fiye nasara ce, ƙasa da haka faɗuwa ce, nasara uku ya tsira, faɗuwa uku ya mutu. Idan dayis ya nuna 1 ana ƙirga faɗuwa biyu, idan ya nuna 20 ya farfaɗo da maki ɗaya. Wanda aka bari shi kaɗai a wannan hali, ba wanda ya taimake shi kuma ba wanda ya ƙara dukansa, damar mutuwarsa kusan kashi 40 ce cikin 100. Amma duk rauni da ya same shi yana kwance faɗuwa ɗaya ce, kuma sara daga wanda yake tsaye cikin ƙafa 5 daga gare shi ana ɗaukarsa mummunan sara, wato faɗuwa biyu. Akwai kuma mutuwar nan take, wadda take aukuwa idan abin da ya rage na rauni bayan maki ya kai sifili ya kai adadin cikakken makin ran jarumin. Matsafi a matakin farko mai maki 7, idan goblin, wani ƙaramin dodo, ya yi masa mummunan sara mafi girma, wato 14, ya tafi ba tare da ya jefa komai ba. Jagoran da ya san wannan lissafi ya san cewa matakin farko da na biyu su ne mafi haɗari, kuma ba ya bukatar ya ƙara musu gishiri.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne gargaɗi, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake tunawa. Na shirya gadar igiya a kan wani kwazazzabo, na rubuta a takardata cewa za ta tsinke idan mutum biyu masu sulke suka hau ta tare. Da 'yan wasan suka iso, abin da na ce kawai shi ne akwai gada a gabansu. Mayaƙa biyu suka hau, na sa suka jefa dayis, ɗaya ya kama igiya, ɗayar ta faɗa, kuma tsawon ramin ya isa ya kashe ta. Mai wannan jaruma ta yi wata takwas tana wasa da ita. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ninke takardar gida huɗu, ta sa a jaka, ta tambaye ni a hankali ko akwai abin da na faɗa game da gadar wanda ba ta ji ba. Babu, kuma na san babu. Da na ce igiyoyin sun yi baƙi saboda ruɓewa, ko katako biyu sun ɓalle a tsakiya, ko an hango kwarangwal sanye da sulke a ƙasan ramin, da mutuwar ta zama sakamakon shawararta. Yadda na yi, ni na yanke mata hukunci na laɓe a bayan dayis.

Tun daga ranar nake bin ƙa'ida guda: gwargwadon girman haɗari, gwargwadon bayyanar alamarsa. Tarkon da zai ɗan raunata mutum yana iya ɓuya sarai, amma wanda zai kashe nan take dole ne ya bar shaida, kamar baƙin ƙuna a bango, ko ƙasar da babu ƙura a kanta a cikin ɗakin da ya shekara ɗari a rufe, ko ɗan jagoran hanya da ya tsaya cak ya ce shi daga nan ba zai ƙara taku ɗaya ba ko an ninka masa lada. Dodo mai girma ya kamata a ji labarinsa a bakin mutanen ƙauye, a ga sawunsa, a ga gawar bijimin da ya raba biyu, kafin a yi ido huɗu da shi. Idan ɗan wasa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi kuma ka ga bai fahimci haɗarin ba, ka sake siffanta masa wurin, ka gaya masa abin da jarumin da kansa zai iya gani da idonsa, sannan ka tambaye shi ko har yanzu yana kan bakarsa. Idan ya ce e, to wanda bai ji bari ba zai ji hoho, kuma babu mai zargin ka.

Masu son tsanani ba tare da gargaɗi ba sukan kafa hujja da Tomb of Horrors, labarin wasa a cikin wani kabari wanda Gygax ya rubuta don gasar Origins ta 1975 aka kuma buga shi a 1978, inda akwai sassaƙen koren fuskar shaiɗan da duk wanda ya shiga bakinta yake ɓacewa gaba ɗaya. Sai dai an yi wannan kabari ne don gasa, domin a gwada ƙwararrun 'yan wasa masu alfahari da jarumansu. Haka ma wasan Dungeon Crawl Classics, da kamfanin Goodman Games ya fitar a 2012, yana ba kowane ɗan wasa talakawa da yawa a zaman farko, da sanin cewa yawancinsu ba za su fito da rai ba, wanda ya tsira shi zai zama jarumi. A duka biyun kowa ya san abin da ya shigo yi. Ɗauko irin wannan tsanani a jefa shi tsakiyar labarin da aka yi shekara ana ginawa, ba tare da sanarwa ba, cin amana ne.

Game da dayis, shawarata ita ce ka jefa shi a tsakiyar tebur inda kowa yake gani, musamman a lokacin da rai yake kan siraɗi. Jagoran da yake jefawa a ɓoye yana rage sara don tausayi, ba da daɗewa ba 'yan wasa za su gane, daga nan tsoro ya fita daga zukatansu, nasararsu kuma ta rasa daɗi. Abin da ya fi wannan muni shi ne ranar da ya bar wani ya mutu, domin kowa zai tuna cewa ya ceci wane a watan jiya, sai a fara tambayar dalilin da ya sa bai ceci wannan ba. Ka faɗi lambar da ake nema kafin a jefa, ka faɗi abin da zai biyo baya idan an faɗi, sannan ka janye hannunka.

Tambayar da take yawan tasowa ita ce ko abokan gāba za su ƙarasa jarumin da ya suma. Amsar tana wurin abokin gābar. Kura mai yunwa za ta ja wanda ya faɗi ta nufi duhu da shi, wanda hakan yana ba sauran damar bin ta. Ɗan fashi kuɗi yake so, don haka ya fi masa riba ya ɗora wuƙa a wuyan wanda ya suma ya nemi fansa. Sojan da yake fuskantar mutum uku a tsaye ba zai ɓata lokaci a kan na kwance ba, sai fa idan ya ga mai warkarwa ya tashe shi sau biyu, a nan kam mai hankali zai ƙarasa shi. Makashin da aka biya don ya kashe mutum guda shi ne wanda ba zai yi jinkiri ba, kuma irin wannan ya kamata 'yan wasa su san an sa shi a bayansu. Kada kuma ka manta cewa abokan gāba ma suna son ransu. Dokokin 1981 suna da gwajin ƙarfin zuciya, inda ake jefa dayis biyu masu fuska 6 idan aka kashe na farko a cikin rundunar ko rabinsu suka faɗi, kuma idan adadin ya wuce makin ƙarfin zuciyarsu sai su gudu ko su miƙa wuya. Yana da kyau a aro wannan doka ko a wane bugu ake wasa, kamar yadda yake da kyau a bar wa jarumai ƙofar gudu. Idan duk wanda ya juya baya sai an bi shi an kashe, to ka koya wa 'yan wasanka cewa ja da baya ba shi da amfani, alhali shi ne dabarar da duniya mai haɗari ta fi bukata.

Tayar da matattu da sihiri yana iya zubar da duk wannan gini idan ya yi arha. A bugu na biyar, sihirin Revivify yana bukatar lu'ulu'u na tsabar zinariya 300 kuma dole a yi shi cikin minti ɗaya da mutuwa, sihirin Raise Dead kuma yana bukatar lu'ulu'u na 500 cikin kwana 10. Ba sai ka haramta su ba. Ya isa ka riƙe dokar yadda take, ka tuna cewa ba kowane ƙauye ake sayar da lu'ulu'u ba, kuma wanda zai yi aikin yana iya neman wani abu da ya fi kuɗi nauyi. Tafiyar kwana tara da gawar aboki a kan jaki, ana ƙirga kwanaki, takan zama zaman da ba a mantawa da shi.

Idan mutuwar ta tabbata, ka dakata. Kada ka wuce zuwa ga na gaba a layi kamar ba abin da ya faru, kuma kada murna ta bayyana a fuskarka. Ka miƙa wa mai jarumin magana, ya faɗi yadda jaruminsa ya faɗi da kalmarsa ta ƙarshe idan yana so. Bayan an gama faɗan a ɗan huta, ka same shi a gefe ka tambaye shi yadda yake ji, kuma idan ya nuna maka dokar da ka karya ko alamar da ka manta ba ka bayar ba, ka amsa kuskurenka a gaban kowa ka gyara, wanda shi ne abin da na yi a mako na gaba game da waccan gada. A sauran zaman kada ka bar shi yana kallon bango: ka ba shi ɗan dako ko sojan haya da yake tare da ayarin ya riƙe. Sabon jaruminsa kuma ya shigo da wuri, ko da a matsayin fursuna ne da aka tarar a ɗaure a ɗaki na gaba, kuma zai fi kyau idan yana da zare da ya haɗa shi da mamacin, kamar ƙanen da ya biyo sawu yana neman takobin gidansu, wanda yanzu yake rataye a kafaɗar wani daga cikin ayarin.