Yadda Za Ka Gina Kyakkyawar Al'adar Aiki a Kamfaninka a Legas

Kasuwancin Bahaushe a Legas yakan fara ne da shago ɗaya ko mota ɗaya, a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago ko bakin tashar jiragen ruwa ta Apapa, tare da yaran gida biyu ko uku da aka taho da su daga arewa. A wannan mataki amana da sanayya sun isa su riƙe komai, domin idon maigida yana kan kowa. Matsala tana kunno kai ne idan Allah ya buɗa, aka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ma'aikata suka kai talatin ko hamsin, Hausawa da Yarabawa da Ibo, Musulmi da Kirista, amma maigida ya ci gaba da tafiyar da su kamar yana tsohon shagonsa. A nan ne al'adar kamfani take zama babban lamari, wato ɗabi'un da ma'aikata suka saba da su wajen zuwa aiki da mu'amala da abokan ciniki da riƙon dukiyar kamfani, musamman a sa'o'in da maigida ba ya nan. Wannan al'ada tana ginuwa ko ka so ko ka ƙi, kuma daga ayyukanka ma'aikata suke koyon ta.

Ka fara da duba waɗanda ka ƙara wa girma ko albashi a shekarar da ta wuce, da laifukan da ka gani ka kau da kai. Idan wanda ya fi kowa kawo maka gulma shi ne ya fi kowa samun alheri a hannunka, to ka riga ka sanar da sauran hanyar ci gaba a kamfaninka, kuma babu wata takardar ƙa'idoji da za ka manna a bango da za ta goge wannan darasi.

Abu mafi wuya shi ne batun 'yan uwa, kuma a ganina a nan ne yawancin kamfanoninmu suke tuntuɓe. Babu laifi ka ɗauki ɗan yayanka ko ƙanin matarka aiki, domin zumunci hakki ne, kuma sau da yawa su ne suka sha wahala tare da kai tun ba ka da komai. Sai dai ka ba shi aikin da ya iya, ka rubuta masa albashinsa da iyakar ikonsa, ka sa shi ƙarƙashin manajan da zai iya tsawata masa ba tare da tsoron za a kai ƙararsa gida ba. Ranar da ya makara ko ya taɓa kuɗin kamfani, ka yi masa hukuncin da za ka yi wa akawun da ba ka san iyayensa ba. Idan kana son ka taimaka masa fiye da haka, ka yi daga aljihunka bayan an tashi aiki. Ma'aikaci mai hazaƙa da ya fahimci cewa manyan kujeru na dangi ne kawai ba zai yi maka gardama ba, zai yi shiru ne ya nemi wani wuri, kuma Legas cike take da masu neman irinsa.

Bayan haka ka tsayar da hakkin ma'aikata a rubuce. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ma'aikaci kuma kashi 8, a asusun fansho. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000, kuma duk wanda ya san kuɗin mota da kuɗin hayar da ake biya na shekara guda gaba ɗaya a Legas ya san wannan adadi ba ya kai mai iyali ko'ina. Ka sa ranar biyan albashi, ka kiyaye ta ko da ciniki ya ja baya, domin ba ka da bakin neman gaskiya daga mutumin da ka riƙe wa guminsa.

Sai kuma kunya da kara, waɗanda ado ne a tarbiyyarmu amma sukan ɓoye wa maigida abin da ya kamata ya ji. Yaron da ya ga kaya sun fara lalacewa a sito, ko direban da ya ji birki ba daidai ba, yakan ce "lafiya lau, ranka ya daɗe" saboda ba ya son ya ɓata wa Alhaji rai. Kamfanin Toyota na Japan ya shahara da ba ƙaramin ma'aikaci ikon dakatar da layin haɗa motoci idan ya ga kuskure. Kai ma ka ware lokaci kowane mako ka zauna da ƙananan ma'aikata, ka tambaye su abin da ya lalace, kuma ka gode wa wanda ya kawo mummunan labari a gaban jama'a. Idan za ka yi wa wani faɗa, ka kira shi ofis kai da shi.

Ka kuma yi la'akari da garin da kake ciki. Wanda yake tasowa daga Ikorodu ko Agege zuwa Victoria Island yakan bar gida tun kafin asuba saboda cunkoson motoci, don haka ka tsayar da lokacin tashi kamar yadda ka tsayar da lokacin zuwa, kuma kada ka riƙa kiran taro bayan la'asar sakaliya. Ka ba Musulmi lokacin sallar Juma'a, ka tsara hutun Sallah da na Kirsimeti ta yadda kowane ɓangare zai riƙe wa ɗaya aiki, sannan a taron da ake da wanda ba ya jin Hausa a yi magana da harshen da kowa yake ji.