Yadda za ki duba motsin jariri in ana zargin galahanga (cerebral palsy, lalurar ƙwaƙwalwa mai shafar motsin jiki)

Uwa, ki jira yaro ya ƙoshi, ya wartsake.

1. Kwantar da shi rub-da-ciki kan darduma. Ɗan wata 4 ya kamata ya ɗaga kai ya riƙe.
2. Miƙa masa cokali ta tsakiya. In kullum hannu guda yake kaiwa, ɗayan a dunƙule, bai kuma kai shekara ba, kada a ce bahago ne. Wannan ya yi wuri.
3. Ɗaga shi ta hammata. Ƙafafu sun sandare sun harɗe kamar almakashi?
4. Ɗan wata 9 ya kamata ya zauna ba a tokare shi ba.

In bakwaini ne, wajen lissafin watanninsa a cire makonnin da ya rigayi lokacin haihuwa. In kin ga matsala a ɗaya daga cikin waɗannan, ɗauki bidiyo a waya, ki nuna wa likitan yara.