Kurakuran da sababbin masu fassara ke tafkawa a kan kalmar "artificial"

Duk sa'ad da aka kawo mini sabon yaro ya koyi aikin fassara, na san inda jan birona zai fara sauka: a ƙarƙashin kalmar artificial. Na gaji da yi wa kowa bayani ɗai-ɗai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Kalmar ta fito ne daga Latin, daga ars, wato gwaninta ko sana'a, da facere, wato yi. Ma'anarta ta farko ita ce abin da hannun ɗan Adam ya ƙera, saɓanin abin da aka tarar a halitta. Ba ta ce abin ba shi da kyau ba, ba ta ce ƙarya ne ba, ba ta kuma ce ba zai daɗe ba.

Babban kuskure, wanda ya fi ƙona mini rai, shi ne a mayar da ita "jabu" ko "na bogi". Jabu yana tafe ne da yaudara. Jabun kuɗi an buga su don a cuci mai karɓa, jabun magani kuwa shi ne wanda hukumar NAFDAC ke kamawa tana ƙonawa. To, wace yaudara ce a cikin buhun Yuriya ko NPK da aka rubuta sunansa da nauyinsa ɓaro-ɓaro a jiki? An haɗa shi ne a masana'anta, manoma kuma tuni suka raɗa masa suna: takin zamani, don su bambanta shi da takin gargajiya na kashin shanu da tumaki.

Wannan kuskure ya taɓa cin kuɗina. Wata ƙungiya ta ba ni aikin takardar wayar da kan manoma gab da faɗuwar damina. Ina kwance ba lafiya, sai wani yaro da ke aiki a ƙarƙashina ya fassara, ya kai maɗaba'a ba tare da kowa ya duba ba. Kanun shafi na biyu ya fito da manyan baƙaƙe: "Yadda za ka zuba jabun taki a gonar masara". Manomi ya san jabun taki sarai, shi ne wanda 'yan damfara ke cakuɗawa da yashi su sake ɗinke bakin buhun. Da malamin gona ya karanta wannan layi a bainar jama'a, wani dattijo ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce ashe abin da aka tara su a koya musu ke nan. Aka kwashe takardun gaba ɗaya, na biya kuɗin sabon bugu daga aljihuna, ƙungiyar kuma ba ta sake nemana ba. Saboda haka ku ji da kyau: kafin ka rubuta "jabu", tambayi kanka, wa aka yaudara? In babu wanda aka yaudara, ɗauke hannunka daga kalmar.

Kuskure na biyu ya fi yaɗuwa yanzu, domin shi manhajojin fassara ke tofowa, ku kuma ku kwafe ba ku ko ɗanɗana ba: "na wucin gadi". Haba jama'a! Wucin gadi abu ne na ɗan lokaci kafin na dindindin ya zo. Gwamnatin Ernest Shonekan ta 1993, wadda ba ta cika wata uku ba, ita ce ta wucin gadi. Amma tafkin Tiga, da aka datse a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka gama a 1974, har yau shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura. Don Turanci ya kira shi artificial lake sai ka rubuta "tafkin wucin gadi"? Shekara hamsin da ɗoriya yana nan, wucin gadin me? Ni "tafkin da aka haƙa" nake cewa, ko "madatsar ruwa", gwargwadon abin da jimlar ke nufi.

Daga nan ne aka haifo mana "hankalin wucin gadi" a madadin artificial intelligence. Bahaushen da ya ji wannan zai ɗauka wani ne ke samun hankali na ɗan lokaci, sannan ciwonsa ya dawo. Lokacin da masanin kwamfuta John McCarthy ya yi amfani da wannan suna na Turanci a takardar shirya taron Dartmouth na 1956 a Amurka, nufinsa na'urar da mutum ya ƙera ta riƙa aikin da ke buƙatar basira. "Ƙirƙirarriyar basira" ta kama ma'anar, kuma kunnen mutane ya saba da ita. Ita nake rubutawa. Wasu abokan aikina sun fi son "basirar na'ura", ba na faɗa da su, amma duk wanda ya kawo mini wucin gadi, takardarsa za ta koma masa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne magabatanmu a gidajen rediyo sun riga sun nuna hanya. Tun da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik a 1957 ake buƙatar sunan irin wannan abu da Turanci ke kira artificial satellite, suka ce "tauraron ɗan Adam". Ba su nemi kalma guda da za ta zauna a ko'ina ba, sun dubi abin ne suka kira shi yadda mai sauraro zai gane a ji ɗaya.

Akwai kuma masu liƙa "roba" a kan komai. Ƙafar roba daidai ne, haka majiyyata da ma'aikatan asibiti ke cewa ko da akwai ƙarfe a cikinta. Ciyawar roba a filin ƙwallo ma daidai ne. Amma na taɓa ganin "ruwan saman roba" a labarin fesa sinadari cikin gajimare da aka yi a Nijar a 2022. Ka ce an jawo ruwan sama ta hanyar fesa wa gajimare sinadari, ko da jimlar ta yi tsawo.

Sauran ƙanana ne. Artificial smile yaƙe ne, ba "murmushin roba" ba. Artificial scarcity ɓoye kaya ne da gangan don farashi ya tashi, duk wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san shi. Artificial sweetener sinadarin zaƙi ne da ake sawa a madadin sukari. Idan likita ya ce artificial respiration, duba ko na'urar taimaka wa numfashi yake nufi ko hura iska baki da baki, don ba ɗaya ba ne. Man-made disaster kuwa bala'in da mutane suka jawo da hannunsu ne, kada ka ce "ƙirƙirarren bala'i", za a ɗauka bai faru ba.

Wanda nake ja wa yara kunne a kai a labaran siyasa shi ne artificial borders. Marubucin ba ya cewa iyakar ƙarya ce, domin akwai jami'an kwastan a Jibiya da Maigatari suna duba takardu kowace rana. Yana nufin Ingila da Faransa ne suka shata ta bisa yarjejeniyoyinsu, ba tare da la'akari da cewa Katsina da Maradi dangi ne ba. Ni dai "iyakokin da Turawan mulkin mallaka suka shata" nake rubutawa, in edita ya ce ta yi tsawo, sai in rage wata jimlar in bar wannan.