Kafin ku sayi filota a ofis, ga yadda ake yi

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin zanen gini ko na injiniya a Kaduna ya san wannan wahalar. Ƙarfe uku na yamma mai gini ya kira yace shi fa ya canza shawara, a matsar da kicin a ƙara bayi a ɗakin baƙi, gashi gobe da sassafe foman na jiran zane a Millennium City don masu ɗaurin rodi sun riga sun karɓi kafin alƙalami. Gyaran a AutoCAD, manhajar zane ta kwamfuta, bai wuce rabin awa ba, bugawar ce aiki, sai ka tura yaro da filasha ya hau Keke Napep zuwa cikin gari wajen Ahmadu Bello Way, ya tarar da layi ko an ɗauke wuta ko mai injin ya tafi la'asar daga can ya wuce gida. Wannan ne yasa muka sayi tamu filotar, wato injin nan mai buga manyan takardun zane, kuma tunda abokan aiki sun dame ni da tambaya gara in rubuta sau ɗaya kowa ya gani.

Kar ka fara da zuwa kasuwa. Ka samu littafi ka rubuta duk takardar da kuka buga a waje na wata uku, kuɗin bugu da kuɗin mota da awannin da yaron ofis ya ɓata a hanya, har da waɗanda aka sake bugawa saboda kuskure. In ka ga takardun ba su taka kara sun karya ba, wallahi firintar A3 ta ishe ka, ka ci gaba da kai manyan waje. Filota ba ta son zama, in ta yi makonni ba aiki tawada bushewa take a kan injin, wato ɓangaren da ke fesa tawada a takarda, kuma kuɗin sabon kai sai ya sa ka yi da na sani. Amma in kuna da ayyuka biyu uku a tare, kowanne da zanen akitek da na rodi da na wuta da na famfo, ga kofin da za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, neman izinin gini da hatimin masu rajistar ARCON da COREN, wato hukumomin rajistar akitek da injiniyoyi, to lissafin da kansa zai gaya maka.

Sai girma. Iri biyu aka fi samu, mai inci 24 da mai inci 36. Ta 24 iyakarta A1, wato milimita 594 da 841, ta 36 kuma tana ɗaukar A0 mai 841 da 1189. Gidajen zama da shaguna da ƙananan benaye A1 ta wadatar, masu aikin titi da magudanar ruwa da awon filaye su ne ya kamata su daure su sayi babbar. Sunayen da za ka ji a bakin 'yan kasuwa su ne HP DesignJet da Canon imagePROGRAF da Epson SureColor, ni ban damu da wacce ba, tambayata ɗaya ce ga mai sayarwa: in tawada ta ƙare ko kai ya mutu a ina zan samu, kwana nawa kafin ya iso daga Legas ko Abuja, kuma wa zai gyara min a nan Kaduna. In ya fara in-ina ka bar shi. Tokumbo ma ba laifi amma sai an buga gwaji a gabanka, ka ga layukan sun fito tas ba yankewa.

Maganar tawada kuma ku kula, akwai wadda ruwa na taɓa ta take zubewa akwai wadda ba ta zuba. Zanen da zai kwana a wurin gini a watan Agusta, hannun birkila da siminti da gumi, ka nemi mai jure ruwan. Takarda kuwa naɗi ake sayarwa, mai nauyin giram 80 ita ce ta yau da kullum, ka ajiye ta cikin ledarta a kan kantar ajiya ba a ƙasa ba, don da damina takan sha danshi ta riƙa cukurkuɗewa a cikin injin.

Wuta da ƙura su ne abokan gabar wannan injin a garin nan. Kar ka jona ta kai tsaye a bango ko a ƙaramin janareta, ka sa mata sitabilaiza da UPS ko ka ɗora ta kan inbata, don in wuta ta ɗauke tana tsakiyar bugu takardar ta tafi kenan, kan kuma ya tsaya a tsakiya bai koma mazauninsa ba inda yake rufewa. Da hunturu a lulluɓe ta da ƙyalle in an tashi aiki, a rufe tagar ɗakin. Ko ba aiki a buga ɗan abu ko da sau ɗaya a sati.

Inda ni na fi ganin amfaninta shi ne sikeli. Mun taɓa kai zane mai sikelin 1:100, wato santimita ɗaya a takarda mita ɗaya ce a ƙasa, wani shagon bugu, yaron ya matse shi ya cika takarda don ya yi kyau, foman kuma ya ɗora rula ya auna, sai da aka haƙa ramin tushe sannan aka gane faɗin falo ya ragu. Yanzu a ofis dokar ita ce a fitar da PDF a ainihin girman takardar, a buga a kashi 100 ba matsewa, sannan a ɗora rular sikeli a kan bango ɗaya a tabbatar kafin a naɗe. Kowane gyara a sa masa harafi da kwanan wata a akwatin bayanin da ke gefen ƙasa, A, B, C haka, kuma wanda ya kai sabon zane wurin gini ya karɓo tsohon ya dawo da shi, in ba haka ba kafinta zai yi aiki da B mai rodi ya yi da C.

Akwai kuma sirri, zanen neman kwangila da kuke ta kwana a kai ba ya zama a kwamfutar shagon da kowa ke shiga. Sannan a ɗora wa mutum ɗaya alhakin injin, shi ke sa takarda shi ke duba tawada shi ke rubuta abin da aka buga wa wane aiki, don a saka kuɗin a lissafin mai gini. Mu dai da muka bar ta a hannun kowa, sai da muka wayi gari an buga fastar biki guda shida da tawadar kalar da muka saya don aikin asibiti.