Kurakuran da aka fi yi wajen gane ɗan tsuntsun Yaman a duwatsun Asir

Duk lokacin hutun zafi, mutanenmu na Jidda da Makka kan haura Abha da Tanuma, garuruwan da ke duwatsun Asir na Saudiyya, shan iska, wasu har da madubin hangen nesa don kallon tsuntsaye. Wanda ya fi ba su wahala shi ne ɗan tsuntsun Yaman, da masana ke kira Curruca buryi, wanda duk duniya ba a samunsa sai a tsaunukan kudu maso yammacin Saudiyya da yammacin Yaman.

Babban kuskure shi ne dogaro da launin baya. Tsuntsun bai wuce santimita 15 ba, bayansa toka-toka ne mai duhu, ga shi hazo na yawan rufe tsaunin Suda da ke kusa da Abha da rana, kowane ƙaramin tsuntsu sai ya koma baƙi-baƙi a ido. Ka bar bayan, ka nemi abu biyu: ƙwayar ido da ƙarƙashin wutsiya. Idonsa fari ne tas a cikin fuska mai duhu, kamar an ɗiga farin alli. Gashin da ke ƙarƙashin wutsiyar kuma ruwan lemo ne da bai ciza ba. In ka ga waɗannan biyun, magana ta ƙare. Bakinsa ma yana da kauri, da ɗan lanƙwasa ƙasa kaɗan, maƙogwaronsa fari-fari.

Akwai ɗan uwansa da ake yawan rikita su, Curruca leucomelaena. Shi wannan kansa baƙi ne, idonsa ma mai duhu, kuma ba ya hutawa da kaɗa wutsiya ƙasa. Ya fi son busassun kwaruruka masu itatuwan ƙaya can ƙasa. Wanda ya tsaya a gindin dutse wajen Tihama, wato filin da ke gaɓar Bahar Maliya, ya ce ya ga na Yaman, to mai yiwuwa wannan ya gani. Na Yaman ɗan tudu ne, sai ka haura sama da mita 1,500, inda itatuwan ƙaya ke cuɗanye da ar'ar, wata bishiyar tsauni da ganyenta ba ya kakkaɓewa.

Wani kuskuren kuma, ɗaga kai ana duba ƙololuwar bishiya. Ba mai son fitowa fili ba ne. Yana cikin rassa a tsakiya, yana bi a hankali yana leƙa ɓawon itace da ƙarƙashin ganye don ƙwari, wani lokaci har ya rataye kai ƙasa. Zaɓi bishiya guda, ka zauna ka ba ta minti goma ko sha biyar, zai fi maka zagayen awa guda. Sau da yawa bibbiyu suke yawo, in ɗaya ya gifta kada ka tashi, na biyun na tafe.

Lokaci ma ana kuskurensa. Fita bayan sallar Asuba, kafin hazo ya hau da kuma hayaniyar masu yawon buɗe ido. Kada ka buɗe ledar abinci, birai za su taru su kore maka komai.

Kunna masa kukansa ta waya kuwa ba dabara ba ce, musamman lokacin sheƙa: barin ƙwai yake yi ya fito neman abokin hamayyar da babu shi.

Masu tsofaffin littattafai su nemi sunan a ƙarƙashin Sylvia ko Parisoma maimakon Curruca, don masana sun sauya masa rukuni fiye da sau ɗaya tun da aka fara bayyana shi a 1913.